Malamar da ke yaye masu jinyar 'yan wasa

Yaya, gaisuwa mai yawa. Ka ce in ba ka labarin asibitocin Amurka, to ni abin da ya fi tsaya mini a rai a bakin filin wasa na gan shi.

A jami'ar da nake aiki akwai wata farfesa mai horar da masu kula da lafiyar 'yan wasa. Kada ka ɗauka koci take yayewa. Ma'aikatan lafiya ne: tun 1990 ƙungiyar likitocin ƙasar ta amince da sana'ar, yanzu kuma sai da digiri na biyu ake shigarta, a kuma ci jarrabawar BOC, hukumar da ke ba su takardar shaidar ƙwarewa. Ita kanta ta yi shekaru tana naɗe wa yaran sakandare idon sawu kafin ta yi digirin digirgir ta koma koyarwa.

Ranar da ta gayyace ni na zaci manyan injuna zan gani. Sai ga komin roba irin na ban ruwan shanu, cike da ruwa da ƙanƙara. Idan zafi ya kayar da ɗan wasa, a ciki ake tsoma shi, sai jikinsa ya huce sannan a nufi asibiti. Ta sa ɗalibai suka ciccibi ɗan'uwansu suka tsunduma, tana riƙe da agogo. Sau huɗu suka maimaita, yaron yana ta rawar ɗari, ita ko a jikinta.

Haka take yi musu da danna ƙirji da na'urar farfaɗo da zuciya, wadda ba ta fi jakar ɗan makaranta ba. Irin mutanenta ne suka danna ƙirjin Damar Hamlin, ɗan wasan ƙwallon Amurka da ya faɗi a fili a birnin Cincinnati ranar 2 ga Janairun 2023, ya rayu. Sai na tuna Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya wanda ya faɗi ya rasu a Surulere ta Legas a wasanmu da Angola cikin 1989, Allah sarki.

Ka tuna targaɗen da na yi? Ruwa aka watsa mini, aka ja ƙafar, washegari sai gidan mai ɗori. Amma gaskiya ɗaya ce, mai ɗori abin da ke aljihunka yake karɓa. Nan kuwa ɗan wasan makaranta ne ake dubawa a fili ba ko sisi, irina in ya je asibiti takardar kuɗi za ta biyo shi har gida.

Na saya wa yaran ƙungiyar unguwa bandeji, zan ba mai zuwa. Don Allah ka tambayar mini kocinsu ko akwai wanda ya iya danna ƙirji a cikinsu.