Shagon Firam na Titin Gidan Zoo da Zanen Amalanken Ciyawa

A watan jiya na kai wa wani shagon buga hotuna da haɗa firam da ke Titin Gidan Zoo aikin da na san zai gwada ƙwarewarsu, wato su buga mini kwafin zanen The Hay Wain (Amalanken Ciyawa), wanda mai zane John Constable na ƙasar Ingila ya kammala a 1821, domin in rataya a falo. Da gangan na zaɓe shi, domin duk injin da bai iya bambanta wannan kore da wancan ba, a nan asirinsa yake tonuwa.

Zanen yana nuna amalanke da dawaki suke ja a cikin ruwa mara zurfi na kogin Stour, ga gidan wani manomi mai suna Willy Lott a hagu ƙarƙashin manyan bishiyoyi, ga kuma kare a bakin ruwa. Ido yakan fara sauka a kan karen, ya bi shi zuwa amalanken, daga nan ya zarce zuwa fili mai haske a dama, inda masu yankan ciyawa suke can nesa, ƙanana kamar tururuwa. Duhu ya taru a hagu, haske ya buɗe a dama, sannan gajimare irin wanda muke gani a watan Agusta kafin hadari ya haɗu ya mamaye sama. Ɗan jan da ke jikin kayan dawakin shi ne gishirin zanen, domin shi yake hana koren ya gunduri mai kallo.

Bugun farko bai yi mini ba. Sun ƙara wa kalar ƙarfi har ganyayen suka koma kore guda kamar latas, jan dawakin ya ɓace a cikin hayaniya, kuma don hoton ya shiga firam ɗin da suke da shi sun yanke gefen dama, suka tafi da ɗan kwalekwalen da ke cikin ciyayi. Mai shagon ya ce mini, "Ranka ya daɗe, ai yawancin masu zuwa nan kala mai sheƙi suke so." Ban ga laifinsa ba, tunda hotunan biki da na ɗaurin aure ne abincinsa. Da na nuna masa yadda hasken filin ya mutu, bai yi gardama ba, ya sake bugawa a kan yadin zane mara ƙyalli ba tare da ya nemi ƙarin kuɗi ba.

Na biyun ya yi kyau ƙwarai. Abin da ya rage, wato kaurin fentin mai da ɗigon farin da Constable ya watsa a kan ruwa don ya yi walƙiya, ba injin da zai iya fito da shi. Sai wanda ya tsaya gaban na asalin, mai faɗin santimita 185 da tsayi 130, a gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan zai gan shi.

Firam ɗin kuwa ba shi da makusa: katako ne mai duhu, kusurwoyinsa sun haɗu ba rata, an kuma rufe bayansa sosai saboda ƙurar hunturu. Sun yi alkawarin kwana uku, aikin ya kai mako guda. Zan koma da wani zanen, amma sai sun fara buga mini ƙaramin gwaji na gani tukuna.