Auna Amfanin Gyaran Titi: Nan Take ko Bayan Shekaru?

Injiniyan da ke son sanin ko gyaran titi ya biya kuɗin sabulu yana da hanyoyin lissafi biyu.

Ta farko mai sauƙi ce. A auna gargadar titin da ma'aunin gargada na duniya da ake kira IRI, wanda Bankin Duniya ya fito da shi a 1986, a sake aunawa bayan gyara, a duba bambancin. Ba ta cin lokaci, amma ai sabuwar kwalta dole ta yi sumul a watan farko.

Ta biyu sai mai haƙuri. A bar wani yanki ba a taɓa shi ba, mai irin ƙasar da irin nauyin motocin, a riƙa auna yankunan biyu duk shekara ana kwatanta saurin lalacewarsu. Shirin LTPP na Amurka, mai bibiyar ingancin tituna na tsawon shekaru, wanda aka kafa a 1987, ya bi wannan hanya.

Ni na fi yarda da ta biyu. Toshe tsagar kwalta, alal misali, kusan ba ya rage gargada ranar da aka yi shi, don haka lissafin farko zai ce asarar kuɗi ne. Alhali shi ke hana ruwan damina shiga ƙarƙashin titi, kuma sai bayan 'yan shekaru alƙaluma ke nuna hakan.