Man zaitun na Italiya: tsakanin Coratina, Ogliarola da Peranzana

A yankin Puglia, can kudu maso gabashin Italiya, akwai manoman da ba sa cakuɗa zaitun ɗin gonarsu wuri guda, sai su matse kowane iri shi kaɗai, su rubuta sunansa a jikin kwalba. Daga irin wannan gida na samu kwalabe uku, Coratina da Ogliarola da Peranzana, duka na kaka ɗaya, duka kuma masu ɗauke da rubutun extra vergine, wato man da aka matse ba tare da sinadari ba, wanda tsaminsa a awon ɗakin gwaji bai wuce kashi 0.8 cikin 100 ba.

Na ɗanɗana su yadda masu sana'ar suke yi. Ana zuba cokali ɗaya a ƙaramin kofi, a rufe bakinsa da tafin hannu har man ya ɗan yi ɗumi, a shinshina, sannan a kurɓa a ja iska ta tsakanin haƙora.

Coratina, wadda ta samo sunanta daga garin Corato da ke kusa da Bari, ita ce ta tafi da ni. Ƙamshinta na ɗanyar ciyawa ne da aka yanka yanzun nan, a harshe tana da ɗaci irin na goro, kuma bayan an haɗiye sai wani yaji ya kama maƙogwaro har mutum ya yi tari. Wanda bai saba ba zai ɗauka man ya lalace, alhali wannan yajin aikin wani sinadari ne mai suna oleocanthal, kuma yana cikin alamun man da aka matse daga sabon zaitun. Irin waɗannan sinadarai, waɗanda Coratina ta yi fice da yawansu, su ne ke hana mai saurin ɓaci, abin da ba ƙaramin amfani ba ne ga mai zaune a ƙasa mai zafi. Na yayyafa ta a kan dafaffen wake da kwaɗon zogale, ba ta ɓace a cikinsu ba.

Ogliarola mai sanyin hali ce, ta dace da wanda ba ya son mai ya yi magana a abinci. Peranzana tana tsakiya, ba yabo ba fallasa.

Sai dai duk wannan zaɓi banza ne idan abin da ke cikin kwalbar ba man zaitun ba ne, kuma ni ganau ne. Na taɓa sayen wata kwalba mai tutar Italiya a wani shago da kuɗi masu kauri, da na buɗe sai na tarar ba ƙamshi ba ɗaci, maiƙo ne kawai mai launin kore. Mayaudara sukan ɗauki man waken suya ko na wasu tsirrai masu araha, su rina shi da launin ganye, masu gwaji kuwa da shuɗin kofi suke amfani don kada launi ya ruɗe su. Akwai kuma yaudarar da doka ba ta hana ba: a cika kwalba a Italiya da man da aka kwaso daga Sifen ko Girka ko Tunusiya. Tun 2009 Tarayyar Turai ta wajabta rubuta asalin man, amma sau da yawa sai an juya bayan kwalba ake ganinsa da ƙananan baƙaƙe. Wanda aka rubuta wa sansa kuwa daga tunkuzar zaitun aka tatso shi da sinadari, kada a biya shi kuɗin extra vergine.

Saboda haka kafin in duba sunan iri, shekarar girbi nake fara nema, domin ana girbin ne daga Oktoba zuwa Disamba, sannan tambarin DOP mai launin ja da rawaya, wanda ke shaida cewa man daga wani takamaiman yanki ya fito, kamar na Terra di Bari, wato yankin Bari. Farar kwalbar da ta sha rana a kan kantar shago ba na ko taɓa ta. Idan waɗannan suka cika, rabin lita na Coratina nake ɗauka, in ajiye nesa da murhu, in ƙarar kafin wata uku.