Bas ɗin 'yan kasuwa mai jigilar ma'aikata: mota lafiya, jadawali ya rame

Motocin ba laifi, kujeru da taushi, direbobi ba sa gudun ganganci. Jadawalin ne ya lalace. Da aka rage zirga-zirga, sawun sassafe da na dare aka fara sokewa, tunda su ne ba sa cika. Wanda motar ƙarfe 7 ta wuce shi sai ya sha tsayuwa, ta gaba kuma ta iso cike maƙil.

Laifin ba na kamfani kaɗai ba ne. Sabuwar hanya ko ƙarin tasha sai da lasisi, takardu kuwa kan daɗe a teburin hukuma. Ana cikin wannan jira, mota tana ajiye, inshora da bashin banki na ci, direbobi na kama wani aikin. Kafin ka yanki tikitin wata guda, tambayi lokacin sawun ƙarshe na yamma.