Na'urar gano kifi da sauti: abin da ya kamata mai saye ya duba

Mai neman na'urar gano kifi yakan fara duba girman allo da kyan launinsa, alhali kuwa ingancinta yana cikin ɗan kan nan da ake nutsarwa a ruwa. A cikinsa akwai faifan tangaran na musamman, wanda yake karkarwa ya fitar da sauti idan lantarki ya shige shi, idan kuma amsa-kuwwa ta dawo ta matse shi sai ya mayar da ita lantarki. Jacques da Pierre Curie ne suka gano wannan ɗabi'a a Faransa a 1880, daga baya Paul Langevin ya yi aiki da ita wajen neman jiragen ƙarƙashin teku a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da yake sauti yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo shi ke nuna nisan kifi.

Zaɓi na farko ya shafi saurin karkarwar faifan. Ana auna shi da kilohaz, wato karkarwa dubu a daƙiƙa. Mai kilohaz 50 yana kaiwa zurfi sosai kuma yana game wuri mai faɗi, amma hotonsa ba ya fita tangaran. Mai kilohaz 200 bai kai shi nisa ba, sai dai ya fi shi bambance kifi da ciyawa ko kututture. Akwai kuma samfurin CHIRP, wanda yake sauya saurin karkarwa cikin bugu ɗaya, yana rarrabe kifayen da suka kusanci juna, amma kuɗinsa ya fi yawa. A ganina, masunci a Tafkin Chadi ko Kainji ko kogin Kwara, mai 200 ya wadatar da shi, domin mai 50 don ruwa mai zurfi irin na teku aka yi shi.

Sai batun ɗaurawa, inda da yawa suke asara. Samfurin da ake mannawa cikin jirgi ba ya aiki a kwale-kwalen katako, saboda katako yana shanye sautin. Wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi ko a jikin sanda, ya kasance cikin ruwa kai tsaye nesa da kumfar inji, shi ne daidai.

Wanda zai sayi na hannu ya bincika kan da kyau, domin faifan da ya tsage sakamakon faɗuwa ba ya gyaruwa. A kuma tabbatar bakin wayarsa ya dace da allon, tunda na kamfanonin Garmin da Lowrance da Humminbird ba lallai ne su shiga juna ba.