Godot: Injin da Na Gina Wasan Dara da Shi a Sakkwato

Wata tara ke nan ina aiki da Godot, wato manhajar haɗa wasannin bidiyo, kuma duk wanda ya zo shagonmu a Dandima ya ce yana son koyon haɗa wasan bidiyo, shi nake fara nuna masa. Da rana buga takardu da gyaran kwamfuta nake yi, ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne yawancin masu kawo mana aiki. Bayan isha'i kuma sai in koma kan abin da ya fi kwanta mini a rai, wato wasan dara da nake ginawa don wayar Android.

Abin da ya fara ja na zuwa Godot shi ne rashin nauyinsa. Kwamfutata HP ce ta hannu, RAM ɗinta gigabait 4, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40, sai na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta. Fayil ɗin Godot da na sauke bai kai megabait 100 ba. Ba a ma girka shi, buɗewa kawai ake yi ya tashi, har a filashi kana iya yawo da shi. Akwai zaɓin Compatibility da aka tanada don tsofaffin na'urori, shi na ɗauka, kuma ban ga kwamfutar ta yi nishi ba. Wanda yake sayen data da kuɗin aljihunsa, yana aiki yana duban batir saboda an ɗauke wuta, ya san darajar wannan.

Kyauta ne gaba ɗaya. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka ƙirƙire shi, suka buɗe shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT. Ma'ana, ko wasanka ya kawo miliyoyi, babu mai zuwa ya ce a ba shi kaso. Unreal kuwa, wani babban injin haɗa wasa, yana karɓar kashi 5 cikin ɗari idan wasa ya wuce dala miliyan ɗaya. Unity ma, wani injin irinsa, a Satumbar 2023 ya sanar da wani sabon kuɗi da za a riƙa biya gwargwadon yadda ake girka wasa, masu haɗa wasanni suka yi caa, daga baya a 2024 ya janye. A wancan rikicin ne mutane da yawa suka fara waiwayar Godot, ni ma a lokacin na fara jin sunansa.

Harshen da ake rubuta wa Godot umarni da shi, GDScript, ya yi kama da harshen kwamfuta na Python ƙwarai. Tunda na taɓa Python a makaranta, mako biyu ya ishe ni in fara motsa abu a allo. Tsarinsa kuma yana shiga kai: komai ƙaramin gini ne da ake ɗorawa a kan wani. Na haɗa gurbi ɗaya na dara, na koya masa ya sanar idan an taɓa shi, sannan na maimaita shi sau 30, layi biyar, kowane layi gurbi shida. Bayanin kowane umarni yana cikin injin, ko babu intanet ka danna F1 ka karanta. Wannan ya cece ni a darare da yawa.

Ranar da na fara ganin amfanin aikin nan sosai, a ƙofar gidanmu ne a Mabera. Kawuna ya fi shekara arba'in yana dara a ƙasa, da tsinke da tsakuwa. Na miƙa masa wayar, ya gyara zama a kan tabarma, ya sa yatsa yana jera 'ya'yansa goma sha biyu a hankali kamar mai shuka. Can aka fara tafiya, na jera huɗu a layi, wasan ya ba ni damar cin ɗansa. Ya ɗago kai ya ce, "Kai ɗana, wanga abu naka bai iya dara ba. Huɗu ba ta ci, uku ita ka ci." Na ce, "Gaskiya ne Kawu, kuskurena ne." A umarnin da na rubuta wa wasan na ce idan jeri ya kai uku ko fiye a ci, alhali uku cif ake nufi. Ya kuma tuna mini cewa lokacin zuba 'ya'ya ba a yarda ka jera uku ba. A nan zaune na buɗe kwamfutar, na gyara layi biyu na umarnin, na haɗa waya da kebul, kafin ya gama shan shayinsa gyararren wasa ya dawo hannunsa. Ya cinye ni sau uku a jere. Wannan saurin gwadawa da gyarawa shi ne abin da na fi ƙauna a Godot.

Sai dai mai shiga ya shirya wa matakin fitar da wasa zuwa waya. A nan ne data take tafiya: fayilolin fitarwa sun kai wajen gigabait ɗaya, ga Java 17 da Android SDK, wato manhajojin da ake buƙata don haɗa wasan Android, duk sai ka haɗa su da kanka. Ni cikin dare na sauke su. Shiga Play Store kuma dala 25 ne sau ɗaya, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai ya samu masu gwaji 12 na tsawon kwana 14 kafin a saki wasansa. Abokan Kawu na majalisa sun riga sun cike mini rabin adadin.

Maganar da nake gaya wa ƙannena ba ɓoye-ɓoye ita ce ta neman aiki. Idan burinka kamfani ya ɗauke ka a kan albashi, yawancin tallan aikin da nake gani Unity ko Unreal suke nema, wato harshen C# ko na C++ da ake amfani da su a cikinsu. Ko horon GameUp Africa na kamfanin Maliyo Games da ke Legas, a kan Unity aka gina shi. An yi wasanni da Godot da suka samu kasuwa, irin su Brotato da Dome Keeper, amma ƙananan ƙungiyoyi ne masu cin gashin kansu. Abin da ya sauƙaƙa shi ne akwai nau'in Godot mai karɓar C#, don haka na fara mayar da sashen da kwamfuta take tunanin motsinta zuwa C#, in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

A wurina Godot ya ci tara cikin goma ga mai koyo da ƙaramar kwamfuta. Abin da ya rage mini yanzu shi ne in sa wasan ya iya tsayawa gaban Kawu ko da zagaye ɗaya ne. Ya ce in kawo masa ranar Juma'a bayan la'asar.