Warware hargitsattsun haruffan Turanci: hadda ko farfasawa?

Malam, ka ce kana son ƙwarewa wajen fitar da kalmar Turanci daga haruffan da aka hargitsa, ka kuma san ma'anarta, sai wasu suka ba ka shawarar bin hanyar 'yan wasan Scrabble, wato wasan haɗa haruffa su zama kalma don samun maki, wasu kuma suka ce ka riƙa farfasa haruffan da kanka kana duba ƙamus. Hanyoyin biyu duka suna aiki, amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba.

Ƙwararrun 'yan Scrabble jera haruffa suke yi bisa tsarin A, B, C, sannan su haddace kalmomin da ke fitowa daga kowane jeri. Da zarar ɗayansu ya ga A E I N R S T, ba ya tsayawa tunani, nan take retains, nastier, retinas da retsina za su faɗo masa. Dalili shi ne haruffa 7 ake ba kowane ɗan wasa, kuma wanda ya ajiye su duka a karo ɗaya yana samun ƙarin maki 50. A wannan fage ne Wellington Jighere na Najeriya ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015. Sai dai wasan ba ya tambayar ma'ana ko kaɗan. A shekarar 2015 ɗin ce dai Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin harshen, jerin kalmominsa kawai ya haddace. Ita ma retsina ɗin sunan wata giya ce ta ƙasar Girka, wadda da wuya ka taɓa buƙatarta a rubutu.

Hanya ta biyu ta fi jinkiri, amma ita ce ke koyar da ginin kalma. Ɗauki N G I D A E R. Haruffa 7 mabambanta ana iya jera su ta hanyoyi 5,040, don haka gwaji barkatai ɓata lokaci ne. Idan ka ware ɗafa-ƙeya -ing, wato ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma, gefe guda, saura haruffa 4 ke nan, masu jeri 24 kacal, kuma a cikinsu za ka tarar da read, dear da dare. Amsar ita ce reading, wato karatu. Ka lura cewa dare ba ta shiga ba, domin tana jefar da wasalinta na ƙarshe ta koma daring, ga shi ka tsinci ƙa'idar rubutu ba tare da ka nema ba. Da -ed ka ware kuwa, grain za ta rage maka, wato ƙwayar hatsi.

Raunin wannan hanya ta biyu yana bayyana ne a kalmomin da ba su da ɗafi, kuma a nan harshenmu kan ja mu baya. Bahaushe ya saba sanya wasali tsakanin baƙaƙe, shi ya sa bread ta zama burodi, brush ta zama buroshi, saboda haka ido ba ya saurin haɗa str, ght ko tch wuri guda. Kalmar strength, mai nufin ƙarfi, haruffanta 8 ne amma wasali ɗaya tak gare ta.

Tunda ma'ana kake nema, ni dai ta biyun nake ba ka shawara, da sharaɗin kada ka tsaya a amsar farko. Haruffan listen, wato saurara, su ne dai na silent mai nufin shiru, da enlist mai nufin shiga aikin soja, da tinsel, wato ƙyalƙyalin ado. Ka buɗe ƙamus a kan kowacce, ka sa ta cikin jimla, kafin ka ɗauki wasu haruffan.